Mutum Goma Sha Bakwai a Lamba Ɗaya

Shekara talatin da 'yan kai Mai Wasiƙa ya yi yana zama a gindin matakalar gidan waya, da ɗan teburinsa mai gajeriyar ƙafa ɗaya wadda yake tokarewa da guntun kwali. Ba shi ne sunansa na gaskiya ba, amma ya bi shi har cikin gida, don ko matarsa in ta yi fushi haka take kiransa.

Aikinsa ba wani mai wuya ba ne a ido. Wanda bai iya rubutu ba zai zo ya zauna a benci, ya faɗi abin da ke ransa, shi kuma ya rubuta, ya gyara inda maganar ta yi kaifi, ya liƙa kan sarki. Da yake ba kowa ke da akwati a gidan waya ba, sai ya riƙa sa lambar nasa akwatin a bayan kowace ambulan. Amsoshi duk wurinsa suke dawowa. Da safe zai buɗe akwatin ya kwaso su, ya ɗaure da roba, kuma daga ganin hannun rubutu ya san ta wane ce. In mai ita ya zo, sai ya matso da kansa kusa da kunnensa ya karanta a hankali, yadda ko na ƙarshen benci ba zai ji ba.

Abin da ya sani na mutanen unguwar nan ya fi abin da likitansu ya sani, amma ba a taɓa jin kalma ɗaya ta fito daga bakinsa ba. Matarsa takan ce, "Ni dai rijiya na aura. A jefa mata komai, ko ƙara ba ka ji." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da shan shayinsa.

Sannu a hankali wasiƙu suka mutu. Gidan waya ya koma taga ɗaya, sauran ginin aka ba wani mai sayar da tayil haya. Akwai watan da Mai Wasiƙa ya buɗe akwatinsa bai sami komai ba sai gizo-gizo. A lokacin ne babbar 'yarsa ta saya masa waya mai shafawa, ta zauna ta koya masa da haƙuri, yana rubuta kowane mataki a bayan tsohuwar ambulan. Kafin shekara ta zagayo, tsofaffin da suke kawo masa wasiƙa sun koma kawo masa waya. Teburin bai gusa ba. Abin da ya ƙaru kawai igiyar wuta ce da ya jawo daga shagon mai tayil don yin caji.

Ana nan sai ga wata manhaja da take karanta wa mutum saƙonsa da murya. Danna babban maɓalli kawai za ka yi, ta fara karantowa. Saƙo biyar take karantawa kyauta a rana, a na shida sai ta tsaya cik, ta ce a yi rajista a biya. Wanda ya biya, za ta karanta masa ko nawa ne, kuma ta ajiye masa tsofaffin a cikinta, ko da an share su daga wayar don samun wuri.

Biyan ba shi ne matsala ba, daga katin kowace waya take cirewa. Rajistar ce wahala. Sai ka sa lambarka, a turo maka wasu lambobi shida, ka shigar da su kafin minti ɗaya ya cika. Kuma duk sanda waya ta yi tari, sai ta sake tambaya. Tsohon da bai san lambar wayarsa ba, ko tsohuwar da layinta na jikanta ne kuma ya yi tafiya, ina za su kai wannan? Sai Mai Wasiƙa ya yi abin da ya saba yi tun yana da baƙin gashi. Ya sa tasa lambar. Lambobin nan shida su zo wayarsa, ya shigar wa mutum, a wuce wurin.

'Yarsa ta gani wata rana, ta ce, "Baba, ba a haka fa. Kowa da tasa ake yi."

Ya ce, "Ke, mutum ɗari sun yi amfani da akwatina ɗaya, wasiƙar wani ba ta taɓa faɗawa hannun wani ba."

"Ai kai ne kake rarrabawa, Baba."

"To yanzu na mutu ne?"

Ta yi dariya ta bar maganar. Haka ya yi wa mutum goma sha shida rajista, shi ne na sha bakwai, kuma shekara biyu ba abin da ya faru. Kowace waya tana riƙe da nata.

Cikin mutanen nan akwai Tela, abokinsa tun suna samari, wanda shagonsa ke ƙarshen layin. Kullum da hantsi Tela zai zo da tef a wuya ya zauna a benci su taɓa juna.

"Har yanzu wannan rigar ce? Mutane za su ce ba ka da aboki tela."

"Ai shi ya sa ta daɗe, ba kai ka ɗinka ba."

Tela yana da ɗa guda namiji da ya tafi wata ƙasa neman aiki. Duk unguwa an san yana tuƙa babbar mota a can, kuma aiki ya yi masa yawa shi ya sa ba ya kira. Mutum biyu kaɗai suka san cewa yaron yana gidan yari: Tela, da Mai Wasiƙa wanda ya karanta masa saƙon farko. Matar Tela tana da hawan jini, ta taɓa faɗuwa sau ɗaya a bakin murhu, don haka Tela ya rantse ba za ta ji ba sai yaron ya fito ya faɗa mata da bakinsa. Wani lauya ne a can yake rubuto yadda shari'a ke tafiya. Tela yakan rufe shago, ya rage murya, ya danna maɓalli ya saurara shi kaɗai. Ita ma matar tana da tata wayar, da manhajar a ciki, don saƙonnin 'yan'uwanta. Mai Wasiƙa ne ya sa mata.

Wata Talata da safe, bai gama shimfiɗa igiyar caji ba, sai ga Mai Kifi ta taho da sauri, hannunta duk ɓawon kifi, ta riƙe waya da gefen zane. Tsohuwa ce mai faɗa da dariya a lokaci guda, kuma kunnenta ɗaya ba ya ji sosai.

"Malam, wayar nan ta sami aljanu. Na danna in ji ko mai ƙanƙara ya rubuto, sai take ba ni labarin kotu. Ni da ko ofishin 'yan sanda ban taɓa shiga ba!"

"Kawo in gani, Inna."

Ya danna, ya kara a kunnensa. Muryar nan mai sanyi ta ce an yi zaman ƙarshe, an tabbatar da shekara tara, a yi haƙuri a sanar da mahaifiyarsa. Ta ambaci sunan yaron, ta ambaci na uban.

Mai Wasiƙa ya janye wayar daga kunnensa. Ya kashe da sauri.

"Kin ji sunan wanda ake magana?"

"Ina na ji, ga injin niƙa a kaina? Wane ne?"

"Ba kowa. Layi ne ya harɗe. Bar min ita, ki dawo da azahar."

Da ta tafi ya ciro tasa wayar. Manhajar ta sake kama, har launinta ya canza, ashe ta sabunta kanta. Ya buɗe wurin ajiya. Inda yake da saƙo talatin, yanzu sun fi dubu huɗu, a cakuɗe, ba suna ba alama. Ga sakamakon asibitin wani. Ga wata tana gaya wa uwarta abin da mijinta yake yi mata. Ga saƙon lauya a can sama, don shi ne ya shigo ƙarshe, yana jiran duk wanda ya fara danna maɓalli. Ya goge shi a wayarsa, ya duba ta Mai Kifi. Yana nan daram.

A ƙasan manhajar akwai lambar kamfani. Bai taɓa kira ba. Ya kira, aka sa masa kiɗa har kunnensa ya yi zafi, sannan wata mace ta ɗauka.

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, yadda yake tsara wasiƙa. Ta ce ya faɗi lambarsa, ya faɗa. Ya ji tana danne-danne.

"Baba, a nan ina ganin mutum ɗaya ne mai waya goma sha bakwai."

"'Yata, ni me zan yi da waya goma sha bakwai? Kunnena biyu ne."

Ta ɗan yi dariya, ta kama kanta. "Na gane, Baba. Amma mu da lamba muke gane mutum. Da, kowace waya ita ke riƙe nata. Yanzu mun kwaso komai mun ajiye a wurinmu, don in mutum ya canza waya ya tarar da kayansa. Duk wayar da ke kan lamba ɗaya, abu ɗaya za ta gani."

"To ku raba su."

"Ana rabawa. Kowa zai cika takarda da tasa lambar, a tantance. Yakan ɗauki sati biyu."

"Sati biyu! Ba za ki iya cire saƙo ɗaya ba? Ɗaya tak."

"Ba ni da ikon buɗe saƙon kowa, Baba. In ka goge a waya, a wayar kaɗai ya ɓace. Sai dai ka bi su ɗaya bayan ɗaya."

Ya lissafa su a ransa. Biyu suna kasuwa, ɗaya yana asibiti, ɗaya ta tafi wurin 'yarta a wani gari, tsohon direba kuma ba a san inda yake wuni ba. Kafin ya kai ga na biyar, na goma ya ji. Kuma duk wanda ya ji, kafin la'asar matar Tela ta ji.

"Babu wata hanya?"

Ta ce, "Akwai rufe rajistar gaba ɗaya. Wannan nan take ne, komai zai ɓace a duk wayoyin. Amma ba ya dawowa, Baba. Ko mu ba za mu iya dawo da shi ba. Kai ne mai lambar, kai kaɗai za ka iya cewa a yi."

Ya ce ta ba shi minti goma, zai sake kira.

Ya zauna yana kallon wayar Mai Kifi a kan tebur. Ya san abin da ke cikinta. 'Yarta ta rasu wurin haihuwa bara, kuma saƙonnin da ta riƙa turo wa uwar a watanninta na ƙarshe ba su rage ko'ina ba sai a manhajar nan. Shi ya koya wa tsohuwar inda za ta taɓa ta same su. Duk ranar da kasuwa ta yi sanyi takan saurare su, ko da yake muryar ba ta 'yarta ba ce. Ta ce masa, "Maganar ai tata ce."

Ya ciro biro da takarda, ya shiga neman saƙonnin 'yar cikin dubu huɗun nan. Saƙon wani, saƙon wata, duk yana tsallakewa yana ƙoƙarin kada idonsa ya karanta. Minti goma ya wuce, sha biyar ya wuce. Guda ɗaya ya samu da ya tabbata nata ne. Ya kwafe shi. Sannan ya ɗaga kai ya hango tsohon direba can nesa yana tafe, waya a kunne, yana tsayawa yana saurare.

Ya kira kamfanin. Wata ce daban ta ɗauka, ya sake bayani daga farko. Aka turo masa lambobi shida. Ta ce, "Ka tabbata, Baba?" Ya ce ya tabbata. Ya karanta mata su ɗaya bayan ɗaya. Direban yana isowa yana jijjiga waya, yana cewa tana cikin ba shi labarin wata mai ciwon ƙoda da bai sani ba sai ta ɗauke.

Da azahar benci ya cika, har wasu a tsaye. Kowa da abin da ya rasa. Wani ranar da likita ya ce ya koma, wata adireshin ɗanta, wani kuma bai ma san abin da ya rasa ba, ya dai san an taɓa masa kaya. Mai tayil ya fito ƙofa yana kallo.

"Kamfanin ne ko?" in ji direba. "Faɗa mana mu je mu same su."

"Ba su ba ne. Ni na ce a goge."

"Kai? Don me?"

"Kuskure na yi tun wurin rajista. Gyaransa ke nan."

"Wane irin gyara ne a ƙone gida don a kashe ɓera? Ka tambaye mu?"

"Ban tambaya ba."

Da ya ce akwai sirrin wani a ciki, da kowa ya fara duban na kusa da shi yana lissafi, kuma unguwar ba ta da girman da za a daɗe ba a gano ba. Don haka ya tsaya a nan. Suka yi ta faɗa, yana cewa su yi haƙuri.

Mai Kifi ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Ta karɓi wayarta ta taɓa inda ta saba taɓawa, ta kara a kunnen da ke ji, ta sake taɓawa. Ya miƙa mata takardar.

"Wannan kaɗai na iya cirowa, Inna."

"Me ta ce?"

Ya matso da kansa ya karanta: "Inna, ki ajiye min jan bokitin nan, zan zo in ɗauka ran Laraba."

Ta riƙe takardar tana kallo, a juye ma ta riƙe ta. "Akwai wanda ta ce in daina tsayuwa a rana. Akwai wanda take min tsiya a kan haƙorina." Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zane. "Arba'in da uku ne, Malam. Na ƙirga su." Ta tafi. Tun daga ranar, in za ta kasuwa ta ɗaya gefen titin take bi.

Tela kaɗai ya gaya wa gaskiya, da yamma, bayan sun rufe ƙofar shagon ɗinki. Shi ya faɗa masa shekara taran ma, don Tela bai kai ga saurare ba. Tela ya zauna a kan kujerar keken ɗinki, ya cire tef daga wuyansa ya naɗe shi a hannu, ya warware, ya sake naɗewa. Da ya buɗe baki, ba maganar ɗansa ya fara yi ba.

"Wa ya ji?"

"Mai Kifi, amma ba ta kama suna ba."

"Matata fa?"

"Ban sani ba. Da wuri na rufe."

"Ba ta taɓa waya sai ta gama aikin gida," in ji Tela, kamar yana lallashin kansa. "Na tarar da ita tana wanki. Lafiya lau take."

Cikin sati guda mutane suka kwashe. 'Ya'yansu da jikokinsu suka yi musu sabuwar rajista, kowa da lambarsa, kuma aka ja musu kunne kada su sake ba tsohon nan waya. Har aka fara cewa sayar da saƙonnin ya yi. Tela yana ji ana faɗa a shagonsa, ba shi da bakin karewa, sai ya ƙara wa keke gudu. Matar Mai Wasiƙa ta tambaye shi sau uku abin da ya faru, a na ukun ta ce, "Ko sunanka ba za ka wanke ba?" Ya ce shayin ya huce.

Ran kwana na tara, da hantsi, yana zaune ba kowa a benci, sai ga matar Tela da kwandon cefane. Ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba. Suka gaisa, ya tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Ta zauna a bakin benci ta ajiye kwandon a cinya.

"Malam, shekara tara ɗin nan, ana rage wa mutum in ya yi hali mai kyau?"

Ya ɗago kai ya dube ta. Ta ci gaba.

"Ran Talatar nan ban iya barci ba, da na idar da sallah na danna. Sau uku na saurara kafin gari ya waye." Muryarta ba ta rawa, hannunta ne kawai yake murza hannun kwandon. "Na zauna a ƙasa na jira in faɗi, ban faɗi ba. Sai na tashi na jiƙa wanki."

Wato tun kafin Mai Kifi ta iso teburinsa. Tun kafin ya kira kowa.

"Uwargida, ki yafe min. Ni na..."

"Ba wannan ya kawo ni ba. Shi bai san na sani ba. Shekara biyu yana ɗauke da abin nan don ni, yana shigo min da labarin mota. In ya san ya sha wahalar banza, shi ne zai faɗi, ba ni ba. Ka ga yadda ya rame." Ta miƙe. "Kada ka gaya masa. In lauyan ya sake rubutowa, in ka sami hali, ka ɗan sanar da ni. Zan riƙa biyowa ta nan ran kasuwa."

Ya ce to. Ya ce ana ragewa, ya taɓa jin an rage wa wani. Ta yi godiya ta tafi.

Bai daɗe da zama shi kaɗai ba sai ga Tela, tef a wuya, yana jan ƙafa. Ya zauna daidai inda matarsa ta tashi. Bai yi tsiyar riga ba. Ya dubi layin sama da ƙasa, ya ga ba mai jin su.

"Na san abin da ka rasa saboda ni," ya ce. "Ɗan'uwa na jini ba zai yi ba. Duk sanda na ga tana dariya sai in ce, wannan aikin abokina ne." Ya sake matsowa. "Amma jiya na ga ta daɗe tana kallon hotonsa. Ka tabbata dai ba ta ji ba?"

Mai Wasiƙa ya dubi abokinsa, ya ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ba ta ji ba," ya ce.

Tela ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da bango ya lumshe ido. Suka zauna haka har rana ta iso kan teburin, ba wanda ya kawo waya.